Jan Fenti a Soron Gwaggo

Koyar da lissafi ce ta kawo ni Jidda, a wata makarantar 'yan mata da ke arewacin gari, inda ɗalibai ke zuwa da direba, suna kallon aljabara kamar baƙuwar da ba a gayyata ba. Makarantar ce kafilina: ita ta ɗauko ni daga Katsina, sunanta ne a jikin iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar. Ranar Asabar ba aiki, sai in hau tasi in gangara kudu, unguwar Karantina, gidan gwaggona.

Kakana ne ya zo hajji da ƙafa, ya bar mata da ɗa ɗaya a gida, ɗan shi ne mahaifina. Da ya iso ya duba nisan da ya tako, sai ya ga sake aure ya fi komawa sauƙi. Gwaggo a wannan auren aka same ta. Ba ta taɓa ganin Katsina ba, amma tana kushe mutanenta filla-filla kamar ta yi zaman kasuwa da su.

A gidan akwai jikarta, yarinya mai dogon wuya da ta fara tasawa. Takardun ubanta sun mutu kafin a haife ta, daga baya aka kama shi aka mayar da shi Kano. Uwarta tana aikatau a gidajen arewa, can take kwana. Ita yarinyar ba ta da takarda ko guda. A idon hukuma ba a haife ta ba tukuna. Kowa a gidan ya san abin da hakan ke nufi: ranar da wani mai kaki ya tare ta ya ce ina iƙama, sai gidan tsarewa, daga nan sai jirgi zuwa ƙasar da ba ta san kowa ba sai uban da ba ta tuna fuskarsa. Hausa tana ji sarai, amma in za ta mayar da magana rabi Larabci ne.

Babu makarantar da za ta ɗauke ta, don haka na ɗauke ta ni. A saman soro muke karatu bayan la'asar, in rana ta sassauta. Can akwai ɗan ɗakin da matakala ke fitowa ta cikinsa, bangonsa ya fi katangar soron tsawo, shi ne allonmu. A gefe akwai igiyar shanya, da wani tsohon tankin ruwa na roba da ya tsage aka daina zuba masa ruwa. A ƙasa ni khala ce a wurinta, wato inna. In mun hau sama na ɗauki alli, sai in koma abla, yadda 'yan makarantar nan ke kiran malamarsu. Ita ta kafa wannan doka, ba ni ba.

Na koyar da yara da yawa, kuma na san bambancin mai hadda da mai gani. Wannan mai gani ce. Ranar da muka kai kan kusurwoyi ta tambaye ni amfaninsu, tambayar da 'yan makarantata ke yi don su ɓata lokaci, ita kuwa da gaske take. Sai na ba ta labarin matan nan.

Na ce mata a Amurka, farkon lokacin da ake ƙoƙarin tura mutum sararin samaniya, na'urorin lissafi ba su yi ƙwarin da za a dogara da su ba. Mutane ne ke yin lissafin da hannu, da fensir da ƙaramin injin tebur, kuma da yawa daga cikinsu mata ne baƙaƙe.

"Baƙaƙe zayyana?" ta ce. "Kamar mu?"

"Kamar mu. Wasu ma sun fi ki."

"Suna da iƙama?"

"Ƙasarsu ce, ba sa bukata."

"To, halas, shi ke nan, ba su da matsala."

Na ce suna da ita. A ƙasar tasu aka ware musu ɗakin aiki daban, teburin cin abinci daban, banɗaki daban. Su ke fitar da hanyar da kumbo zai bi, da lokacin da ya kamata a harba shi, da inda zai faɗo a teku. In rahoto ya fita, sau da yawa sunan injiniya namiji ne a sama, nasu ba ya hawa takarda. Na gaya mata yadda wani ɗan sama-jannati ya nemi a ba ɗaya daga cikinsu lambobin da sabuwar na'ura ta fitar ta bi su da hannu kafin ya yarda ya tashi.

Abin da ya fi kama ta shi ne dawowa. Na zana mata duniya, na zana iskar da ta lulluɓe ta, na ja layin kumbo yana gangarowa. In ya shigo a tsaye da yawa, ya ƙone da mutumin da ke ciki. In ya shigo a kwance da yawa, iskar ta tunkuɗe shi ya koma sama, kamar faifan dutsen da yara ke wurgawa a kan ruwa. Tsakanin biyun akwai 'yar siririyar ƙofa, kuma wata mata a ɗakin da aka ware ce ke nemo ta da fensir.

Gwaggo tana kwashe shanya tana jinmu. "An iya dawo da mutum daga sama," in ji ta, "an kasa dawo da uban yarinyar nan daga Kano. Ke 'yar boko, a gaya wa matan su taimaka."

Makonni muka yi a kan zanen nan. Matsalarmu ɗaya: alli ba ya kwana a bangon. In laimar teku ba ta cinye shi ba, zannuwan shanya sun goge shi. Duk Asabar sai mun sake daga farko, tana tsaki.

A wannan lokacin ne aka fara rusau a kudancin Jidda. Yadda ake yi, ma'aikatan baladiyya, hukumar gari, su zo da gwangwanin fenti su fesa jan rubutu a bango, kalmar da ke cewa a tashi, da lamba a gefenta. Ba a daɗewa sai a yanke wuta da ruwa, sai katafila. Mutanen Karantina sun daina tsayawa karanta rubutun, wasu tsofaffin ma ba su iya ba. Ja suke dubawa. In an ga ja a bango, a fara ciro na'urar sanyaya ɗaki, sai ƙofofi, sai tagogi, don su ne abin da mutum zai iya ɗauka daga gidan da ya gina. Layin su Gwaggo an ce musu ba a zo kansu ba tukuna. Da wannan maganar suke kwana suke tashi.

Wata Asabar na zo da wuri, ana idar da azahar, don na yi wa Gwaggo alkawarin cin abincin rana. Tasi ta kasa shiga lungun. Katifu ne a hanya, da tukwane, da wani mutum a kan tsani yana zare na'urar sanyi daga bango, matarsa a ƙasa tana tallafe tana kuka. Na bi inda idanun mutane ke kallo. A saman gidan Gwaggo, a bangon allonmu da ake hangowa daga ko'ina a lungun, ga da'ira ja jawur, ga layi ya gangaro mata a lanƙwashe da kibiya a bakinsa, ga lambobi a gefe. Yarinyar ta samo ragowar fenti a wurin bakaniken bayan gida, ta yi maganin matsalar alli.

Zan faɗi gaskiya, a daƙiƙar farko malamar da ke cikina ce ta duba, ta ga an yi shi daidai. A ta biyu na ruga ƙofar gidan.

Gwaggo ta tare ni a ƙofa, mayafinta a karkace. "Kin gani? Kin ga aikinki, Malama?"

"Gwaggo, a gaya musu ba na baladiyya ba ne. Zane ne kawai."

"Gaya wa wa? Dattijon can na kan kwana, mai takardu lafiyayyu, ya riga ya je ya kai ƙara, wai an ce ba yanzu ba, don me aka shafa mana. An buga waya. Suna hanya."

Ba ta rufe baki ba farar mota ta tsaya a bakin lungu. Mutum biyu suka fito. Ɗan sanda ya jingina da motar, ɗayan, matashi mai tabarau da rigar ma'aikata a kan farar jallabiya, ya ɗaga kai ya dubi soron, ya nufo mu yana tsallake katifu.

"Tana ina?" na ce.

"Na tura ta tanki."

Tankin nan maɓoyarta ce tun tana ƙarama. In an ji motar kame ta shigo unguwa, ba ma sai an yi magana ba: ta hau, ta shige, a mayar da murfi. Amma masu kame da asuba suka saba zuwa, iska da sanyi-sanyi, kuma ƙasa suke dubawa. Yau rana tana tsakiyar ka, irin ranar Jidda da ke narkar da takalmi a kwalta, kuma mutumin nan ba inda zai nufa sai soron. Na ga lokacin da Gwaggo ta gane hakan.

Na riga shi hawa da 'yan matakai. Gwangwanin fentin yana yashe a bakin ƙofar soro. Na ɗauka na fesa a yatsuna, na goga a gefen abayata. Tankin yana nan fari fat a cikin rana, murfinsa a rufe. Ban samu damar yi wa yarinyar magana ba, don na ji takun mutumin a bayana.

Ya yi sallama cikin ladabi, Gwaggo na biye da shi. Ya nemi takardar Gwaggo, ta ciro daga lalitarta, ya duba ya mayar. Ya nemi tawa. Ya karanta sana'ata a jiki, ya ce, "Ustaza. Wa ya yi wannan?"

Na nuna masa hannuna.

"Mene ne?"

Akwai kalmomin da baƙo ba ya furtawa a gaban ma'aikacin hukuma, balle a shekarun da ake harbo wa garin makamai daga nesa. Roka tana cikinsu. Na tsaya a gaban zanen abu yana gangarowa daga sama da kibiya da lambobi, ina neman hanyar da zan bi in kewaye ta da Larabcina na aji. Na ce darasi ne. Na ce kumbo ne mai ɗauke da mutum, yana dawowa gida. Na ce ina shirya abin da zan koyar a makaranta ne.

"A bangon mutane?"

"Ɗakina ƙarami ne," na ce.

"Ku biyu ne a gidan?"

"Mu biyu," in ji Gwaggo. A lokacin na ga abin da ta riga ni gani: silifas ɗin yarinyar a gindin tanki, ɗaya da ɗigon ja a kai. Gwaggo ta ja jiki a hankali kamar mai neman inuwa, ta taka su, ta saki zanenta ya rufe.

Da ya ce in goge ya juya, da shi ke nan. Amma ya matsa kusa da bangon, ya gyara tabarau. Ashe injiniyanci ya karanta. Ya bi layin da yatsa, ya ce wannan kusurwar shigowa ce? Na ce ita ce. Ya ce in ta fi haka fa? Na ce ya ƙone. In ta gaza? Na ce ya koma sama. Ya yi murmushi, ya ce wallahi tun jami'a rabonsa da irin wannan.

Shekaru ina roƙon Allah ya ba ni ɗalibi mai tambaya. Ranar aka amsa.

Ya ce da kwamfuta ake fitarwa ko? Na ce yanzu haka ne, da can da hannu. Su wa? Na ce mata. Ya ce mata? Na ce mata baƙaƙe, a Amurka. Na ba shi labarin da na kwashe makonni ina ba yarinyar, a dunƙule, ina yanke masa kai da ƙafa, ina fatan ya gundure shi. Bai gundure shi ba. Zufa tana bin bayana har dugadugai. Ni da ke tsaye a fili, iska na taɓa ni, haka nake ji. Na kasa hana kaina aikin da na iya: roba, rufaffe, ba iska sai ta tsagar gefe, yarinya a cikin baƙar abaya. Ban san amsar ba, kuma ban so in sani.

Sai na ji ƙwas daga tankin, kamar gwiwa ta bugi roba. Gwaggo ta fashe da tari, ta bi shi da salati da ƙarfi, tana dukan ƙirji.

"Salamtik, sannu, ya hajja," ya ce mata. "Ki shiga inuwa mana."

"Nan ya fi mini, ɗana. Ƙafa ce."

Bayan wannan tankin bai sake motsi ba. Ƙarar ta tsorata ni, amma shirun ya fi ta. Ina kallon bakin mutumin yana magana, kunnena yana wajen robar. Na fara shirya abin da zan yi: in ya sake tambaya ɗaya, zan wuce shi in buɗe murfin, a kama ta da rai. Sai wata zuciyar ta ce saura kaɗan, kar ki jefa ta jirgi da hannunki. Ban taɓa tsayawa tsakanin abu biyu irin wannan ba, kuma ba fensir da zai raba mini su.

Ya ja da baya ya ɗauki hoton bangon, ya ɗauki hoton iƙamata. Ya ce, "Ustaza, ja ba abin wasa ba ne a unguwar nan, kin ga abin da kika jawo wa bayin Allah. Kafin gobe a shafe da fari." Na ce to. Ya kai bakin matakala, ya waiwayo ya sake duban zanen. "Amma masha Allah. Hannunki yana da kyau. Da'irar nan kamar da kamfas."

Na ce na gode.

Ko da ya sauka ba mu iya taɓa tankin ba, don soron a buɗe yake ga lungu, ɗan sandan kuma sama yake kallo. Muka tsaya kamar gumaka muna jin matashin yana yi wa mutane bayani, dattijon kan kwana yana ta maimaita ƙararsa, ana ba shi haƙuri. Gwaggo tana magana ƙasa-ƙasa ba tare da ta motsa leɓe ba: "Ya bitti, 'yata, ki yi haƙuri, yanzu, yanzu." Ba amsa. Sai da motar ta karya kwana muka afka wa tankin.

Murfin ya ƙona mini tafin hannu. Zafin da ya fito daga ciki kamar an buɗe tanda. Tana dunƙule a ƙasa, kanta a kan gwiwa, jajayen hannayenta a saki. Na kira ta, ba ta ɗago ba. Yadda muka fito da ita ban sani ba, tsohuwa mai ciwon ƙafa da malamar da ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar littattafai ba. Muka ja ta cikin ɗakin matakala, muka tuɓe abayar, na kwarara mata ruwan bokitin wanki. Gwaggo tana kuka tana zaginta tana zagina tana zagin Amurka. Na riƙe wuyan hannunta ina neman bugu, nawa bugun ya hana ni ji.

Can ta ja numfashi, ta yi amai, ta buɗe ido. Muka ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Ta dube ni. Muryarta a shaƙe.

"Na ji shi," ta ce. "Ya ce da'irar ta yi kyau."

"Yi shiru, sha ruwa."

"Kika ce kin gode."

"To me zan ce? So kike ya tafi da ke?"

"Ana rasamtaha. Ni na zana." Ta dubi yatsuna. "Ko riƙe gwangwanin ba ki iya ba, abla. A bayan hannu kika fesa."

Na sake miƙa mata ruwan. Duk abin da zan faɗa gaskiya ne, kuma ta riga ta san shi.

Kafin magariba aka sa ta a motar wani makwabci zuwa unguwar Mahjar, gidan ƙanwar uwarta, hawa na tsakiya a wani bene da ba a barin 'yan haya su hau soronsa. Gwaggo ta ce an ɗauki hoton gidan, ba za ta sake kwana a ciki ba. Bangon kuwa Gwaggo da kanta ta shafe shi, ba ta bar ni na taɓa burushin ba. Sai da ta yi shafi a kan shafi, jan yana ta ɓullowa ta ƙarƙashi. Makwabta suka mayar da na'urorin sanyinsu suna tsine mana. Ba su daɗe a bangon ba, don jan gaske ya zo daga baya, a katangar ƙasa, da rubutun da bai kai nata kyau ba.

Ni kuwa na yi watanni duk lokacin da shugabar makaranta ta aiko kirana sai in ɗauka hoton iƙamar nan ne ya iso. Bai iso ba.

Da Gwaggo ta koma Mahjar ita ma, na kai musu ziyara da kwalin alli a jaka. A bakin ƙofa ta sa hannu ta lalube jakar kamar ma'aikaciyar filin jirgi, ta ciro shi ta jefa a lalitarta.

"A gidan nan ba mai zuwa sama," in ji ta. "Shigo ki ci abinci."

Yarinyar ta fito daga ɗaki, ta ƙara tsawo, ta rame kaɗan. Har lokacin da sauran ja a gefen farcenta. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta karɓi takalmina ta ajiye.

"Sannu da zuwa, khala," ta ce.

Na zauna har la'asar ta wuce, lokacin da muka saba hawa. Ta kawo shayi, ta kwashe kofuna, ta raka ni bakin matakala. Khala ta kira ni ranar, kuma khala take kirana har yau.